Kwananta uku a ɗakina da 'ya'ya biyu, ina doka ta ce ta je?

Maman Khalifa (Agege):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma ta gaggawa. Daren Talata wajen ƙarfe biyu na ji ana ƙwanƙwasa mini ƙofa a hankali, irin bugun wanda ba ya so maƙwabta su farka. Ina buɗewa sai ga maƙwabciyata, ba zan kama suna ba, goye da jaririya, tana riƙe da hannun ɗanta mai shekara biyar. Leɓe ya fashe, idon hagu ya kumbura ya rufe ruf, ƙafa ko silifas babu. Mijin ne ya dake ta, ya turo ta waje, ya danna wa ɗakin kwaɗo, ya yi gaba da makulli. Tufafinta, wayarta, katin rigakafin yarinya, har 'yan kuɗin adashinta, duk suna ciki.

Yau kwanansu uku a wurina. Ciki da falo ne, mu bakwai dama, yanzu mun zama goma. Baban Khalifa a shago yake kwana, Allah ya saka masa da alheri. Amma jiya lanlod ya aiko yaronsa cewa shi ba mutum goma ya ba haya ba.

Mun kira mahaifinta a gida, wani ƙauye ne bayan Funtuwa. Ya ce ta yi haƙuri ta koma ɗakinta. Ta ce, "Baba, wane ɗakin, wanda aka kulle?" Ya ce to ta jira ya huce. Wannan shi ne karo na huɗu da ni na sani.

Tambayata ita ce: a nan Legas, matar da aka kora da duka tana da wani haƙƙin wurin kwana a doka? Ko sai abin da maƙwabta suka tausaya?

Zainab (Obalende):
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da jaririya a baya! Allah ya biya ki, Anti.

Alhaji Garba (Mile 12):
Wa alaikumus salam. Hajiya, kin yi aikin lada. Amma ki ji maganar babba. Shekarata talatin da huɗu a garin nan, na raba rigimar ma'aurata ba adadi. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. A sa ta a mota ta tafi gidan ubanta, ni zan biya kuɗin motar. In mijin yana son matarsa ya bi ta biko, a zaunar da shi gaban manya a ja masa kunne. Haka muka gada. Maganar doka da 'yan sanda ku ajiye ta. Yarabawan da muke zaune da su ma suna cewa ba a dawowa daga kotu a ci gaba da abota, balle aure.

Sista Ummi (Idi-Araba):
Baba Alhaji, a gafarce ni, kafin maganar mota akwai maganar ido. Maman Khalifa, kin kai ta asibiti? Idon da ya kumbura ya rufe kwana uku ba na ruwan zafi da man zafi ba ne. Ki kai ta asibitin gwamnati yau, ta faɗa wa likita gaskiyar abin da ya faru. Kada ta ce faɗuwa ta yi a banɗaki, don abin da yawancinsu ke ce mana ke nan, mu kuma abin da aka faɗa shi muke rubutawa. Ku nemi takardar likita. Ki ɗauki hoton raunin da wayarki tun bai baje ba. Sannan ki tambaye ta a keɓe: ya taɓa shaƙe mata wuya? In ta ce e, to kada kowa ya yi gaggawar mayar da ita, domin mai shaƙe wuya ya riga ya kusanci kisa.

Maman Khalifa (Agege):
Sista, na tambaye ta yanzu. Ta yi shiru, sai ta janye mayafi ta nuna mini. Shatin yatsu na nan.

Barista Hadiza (Ikeja):
Salamu alaikum. Yaya Maman Khalifa, zan amsa miki da tsawo, ki yi haƙuri, don tambayar taki kashi biyu ce kuma amsoshinsu sun bambanta.

In ana nufin ko gwamnati na da tilas ta ba ta gida, kamar ta je kotu ta ce a ba ni ɗaki, to gaskiya babu wannan. Kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 16(2)(d), ya ce gwamnati ta tsara manufofinta yadda kowane ɗan ƙasa zai samu matsuguni mai kyau. Amma wannan magana tana cikin babi na biyu ne, kuma sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta abin da ke cikin wannan babin. Wato alkawari ne da ba a iya kai ƙara a kansa. Haka kuma Yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan haƙƙin matan Afirka, wadda Najeriya ta amince da ita a 2004, sashenta na 16 ya ce mace na da haƙƙin samun muhalli daidai da namiji, tana da aure ko ba ta da shi. Magana ce mai kyau, muna kafa hujja da ita, amma ba ita za ta buɗe kwaɗon nan a daren yau ba.

Abin da zai iya buɗe shi dokar Jihar Legas ce ta 2007, ta kariya daga cin zarafi a cikin gida. Ga abin da mutanenmu ba su sani ba game da ita. Na farko, ba ruwanta da inda aka ɗaura aure. Na masallaci, na gargajiya, na rajista, duk ta shafe su. Kada wani ya ce mata ai ke ba auren kotu kika yi ba.

Abin da ake nema shi ne takardar umarnin kariya, a kotun majistare ko babbar kotu. Ba ƙarar saki ba ce, ba kuma cewa aka yi a ɗaure shi ba. Alƙali na iya hana shi sake taɓa ta ko aiko wani ya taɓa ta. Yana iya hana shi hana ta shiga ɗakin da suke zaune tare. In abin ya yi tsanani, shi mijin ake iya cewa ya nisanci ɗakin, ita ta zauna da yara. Ana iya ɗora masa ci gaba da biyan haya, da kuɗin gaggawa na magani da wurin fakewa. Ana iya haɗa ta da ɗan sanda ya raka ta ta kwaso kayanta. Kuma in akwai haɗari, akan ba da umarni na wucin gadi tun kafin a ji ta bakinsa, sannan a sa rana ya zo ya kare kansa. In ya karya umarnin, kama shi za a yi.

Ba sai ta ɗauki lauya da kuɗi ba. Akwai hukumar DSVA a Alausa, ta gwamnatin jiha mai yaƙi da cin zarafi a cikin gida da na jima'i, aikinta ke nan. Tun 2014 aka fara ta a matsayin kwamiti zamanin Fashola, a 2021 Sanwo-Olu ya sa hannu ta zama cikakkiyar hukuma. Akwai OPD, ofishin lauyoyin gwamnatin jiha masu tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. In dare ne kuma ana cikin haɗari, a kira 112 ko 767.

Alhaji Garba (Mile 12):
Barista 'yata, na ji karatunki. Amma ki ce alƙali ya fitar da mutum daga ɗakin da ya biya da guminsa? Wannan dokar Turawa ce. Kuma har yanzu ba mu ji ta bakin mijin ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Malam Sani (Idi-Araba):
Alhaji, Allah ya ƙara girma. Tunda an ambaci abin da muka gada, bari ɗalibi ya ce wani abu, don ina tsoron kada a ɗauka addini ne ya ce a kulle wa mace ƙofa.

Buɗe Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta farko. Allah yana maganar matan da aka saka ne, ya ce kada ku fitar da su daga gidajensu. A lura, gidajensu ya ce, ya jingina gidan gare su, alhali miji ne ya gina ko ya kama haya. A aya ta shida ya ce ku zaunar da su inda kuke zaune gwargwadon halinku, kada ku cutar da su don ku ƙuntata musu. To in wadda aka saka ma ba a korar ta sai ta gama idda, ina ga wadda igiyar aurenta ke nan daram? Mazauni haƙƙinta ne kamar ci da tufafi. Wanda ya sa kwaɗon nan ya saɓa wa Alƙur'ani tun kafin ya saɓa wa dokar Legas.

Kuma a mazhabarmu ta Malikiyya abin a fili yake. A Mukhtasar na Shaihu Khalil, mace na da ikon a raba aurenta saboda cutarwa bayyananniya, ko da shaidu ba su tabbatar an maimaita ba, kuma ba khul'i ba ne balle a ce ta mayar da sadaki. In ƙara ta yi yawa ba a gane mai gaskiya ba, alƙali kan zaunar da su a tsakanin mutanen kirki da za su sa ido. Ka ga malamanmu tun da can sun gane cewa wurin zama shi ne rabin maganin. In an rabu kuma, renon yara na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, uba ne zai ciyar, kuma da rabonsa a kuɗin wurin da za su zauna.

Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Saboda haka ko me ta yi masa, Alhaji, jin ta bakinsa wajibi ne a wurin sulhu, amma babu abin da zai faɗa da zai halatta shatin yatsu a wuya.

Alhaji Garba (Mile 12):
Allah ya gafarta Malam, ban ce duka daidai ne ba. Ni ma ina da 'ya'ya mata huɗu a ɗakunan mazajensu. Cewa na yi a bi ta hanyarmu.

Malam Sani (Idi-Araba):
Hanyar tamu ce ta yanke a nan, Alhaji. A gida, mace in ta yi yaji, tafiyar minti goma ce ta isa zauren ubanta ko na kawunta. Akwai mai unguwa, akwai alƙalin Shari'a da sammacinsa ke da ƙarfi. A Legas gidan uba tafiyar kwana ce a mota. Jihar ba ta da kotun Shari'a ta gwamnati. Kwamitin Shari'a mai zaman kansa da ke akwai, da fadar Sarkin Hausawa, da mu limamai, duk sulhu muke yi. In mutum ya ƙi zuwa ba mu da ɗan sandan da za mu aika. Ni kaina na kira wani sau uku a kan irin wannan, ya ce in fita harkar gidansa, kuma haka na fita. Abin yana damuna har yau.

Musbahu (Alaba Rago):
Ni fa ina da tambaya, kada a ce ina goyon bayan mugunta. Tun da aka hana acaɓa a wasu sassan Legas a 2022 maza da yawa sun shiga wani hali. Mutum ya wuni bai samu na awo ba, ya dawo a tare shi da gori. In kotu ta fitar da shi, shi ina zai kwana? Ƙarƙashin gada?

Maman Khalifa (Agege):
Musbahu ƙanena, shi namiji ko a masallaci ya shimfiɗa tabarma ya kwana, ko a shagon aboki, ko a tasha, ba mai ce masa komai. Mijina ma yau kwanansa uku a shago, don ita. Mace mai goyo ta kwana a tasha ka ga abin da za a kira ta da safe. Talauci kuwa duk muna cikinsa. Wannan baiwar Allah ita ke soya awara a ƙofar gida, rabin hayar bara daga adashinta ya fito, ni shaida ce don ni ce uwar adashin.

Barista Hadiza (Ikeja):
Musbahu, tambayarka a kan hanya take. Alƙali ba ya fitar da miji haka kawai, sai ya duba girman haɗarin da halin kowannensu, kuma umarnin ba ya mayar da ɗakin mallakarta. Amma ka lura da abin da muka saba: wanda ya yi dukan shi ke kwana a kan katifa, wadda aka daka ita ke yawo da yara. Dokar ta zo ne ta ce ba dole haka ta kasance ba.

Baba Alhaji, kan cewa dokar Turawa ce: a Abuja ma akwai dokar VAPP ta 2015 mai hana cin zarafin mutane, wadda jihohin Arewa da dama suka karɓa. Sashenta na 9 ya ce wanda ya kori abokin aurensa daga gida da ƙarfi, ko ya hana shi shiga, ya yi laifin da zai iya kai shi ɗaurin shekara 2, ko tarar naira 300,000, ko duka biyun. 'Yan majalisarmu ne suka zartar da ita.

Admin:
Wata 'yar'uwa a zauren nan ta turo mini wannan ta ce in saka ba tare da sunanta ba. Don Allah kada kowa ya tsaya cankar ko wace ce.

"Na karanta komai ina kuka, don ni ce wannan matar shekara shida da suka wuce. Ni an sa ni a motar da Alhaji yake faɗa. Har sau biyu. Na farko na yi wata ɗaya a gida, kullum ana ce mini haƙuri maganin zaman duniya, matan yayyena suna ƙirga loma nawa 'ya'yana suka ci. Ya aiko da turmin atamfa da goro, aka mayar da ni. Wata uku ya karya mini hannu. Na biyu ko biko bai yi ba, mahaifiyata da kanta ta ce in koma don ƙannena mata ba su yi aure ba, kada a ce gidanmu ba a zaman aure.

Dare na ƙarshe na je wani caji ofis da jini a rigata. Wanda na tarar a kanta ya ce maganar iyali ce, in je mu sasanta. Wata Bayarabiya mai sayar da burodi ce ta gan ni a bakin titi, ta kai ni wurin wata ƙungiya, suka sa ni a gidan fakewa. Na zauna wata biyu da 'ya'yana. Ina so in faɗa wa masu tsoro: ba wanda ya hana ni salla, ba wanda ya ce in cire hijabi. Wahalar da na sha ta harshe ce, don lokacin Turancina kaɗan ne, Yarabanci babu. Ranar da aka fara tambayata abin da ya faru, ɗana mai shekara tara ne ya yi mini tafinta. Yaro ya riƙa faɗa da bakinsa abin da ubansa ya yi mini. Wannan har yau ban yafe wa kaina ba.

Amma babbar wahalar tana bayan fita. Gidan fakewa ba wurin dawwama ba ne. Na tara kuɗi da kitso da ƙunshi, na fara neman ɗaki. Gida bakwai na shiga. Ko'ina tambaya ɗaya: ina oganki? Da na ce babu, sai a ce an riga an kama ɗakin. Wata ta ce mini ƙiri-ƙiri ba ta ba bazawara haya, don za ta riƙa tara mata maza a gida. Sai da na roƙi ɗan ƙanwar babata mai gadi a Apapa ya saka babbar riga ya zo a matsayin mijina, aka rubuta rasit da sunansa. Yau shekara biyar ina biyan haya da gumina, rasit ɗin ba sunana ba ne.

Ku taimaki baiwar Allahn nan da ɗaki. Nasiha ta ji ta isa."

Zainab (Obalende):
Allahu Akbar. Na kasa ci gaba da aikin da nake yi. 'Yar'uwa, ko wace ce ke, Allah ya share miki hawaye, ya raya miki yaran nan. Ba laifinki ba ne abin da ɗanki ya ji.

Ɗanladi Ejan (Agege):
Abin da ta faɗa gaskiya ne, ni sana'ata ce. Lanlod da yawa kafin ya ce nawa ne sai ya ce mini kada ka kawo mini mace marar miji. In kuma ga hijabi ga Hausa a baki, wani ya ƙara da cewa za su cika masa gida da 'yan'uwa. Sannan kuɗin shiga. Ɗakin da na kama wa wani makon jiya kusa da Pen Cinema naira 300,000 ne a shekara, amma da agrimen da kwamishan da kuɗin ajiya sai da ya ajiye kusan 450,000. Mai soya awara ina za ta samo wannan cikin kwana uku?

Barista Hadiza (Ikeja):
Malam Ɗanladi, tunda kana nan bari in ƙara. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar hayar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ban da wasu unguwanni kamar Ikoyi, Victoria Island, Apapa da Ikeja GRA da aka cire daga dokar. Ta kuma hana lanlod fitar da mutum da ƙarfi. Sai ya ba da notis, wata shida ga mai biyan shekara in ba su yi wata yarjejeniya dabam ba, sannan na kwana bakwai, sannan kotu. Yaya Maman Khalifa, saƙon da lanlod ɗinki ya aiko ba notis ba ne. Amma ki je da kanki ki lallashe shi, ki ce na 'yan kwanaki ne, don zaman lafiyarku.

Inda dokar ta bar rami shi ne wanda 'yar'uwarmu ta faɗa ciki: mai gida ya ƙi ki tun a ƙofa, bai rubuta dalili ba, ba ki da abin riƙewa. A nan kam takarda ba ta yi mana maganin komai ba tukuna. Shi ya sa nake roƙon mata, duk wadda ke saka kuɗinta a haya, ta sa a rubuta sunanta a rasit tare da na miji, ko ta tura kuɗin ta banki don ya bar shaida. Neman umarnin kariya ba ya buƙatar sunanta a rasit, amma ranar da aka zo lissafi zai yi mata amfani.

Sista Ummi (Idi-Araba):
Barista, ina da ja a wuri ɗaya. A ce kotu ta mayar da ita ɗakin, shi an ce ya nisanta. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, ƙofar waje ba ta rufuwa, abokansa ne cike da layin, ya san lokacin da kowa ke fita kasuwa. Takarda ba ta tare ƙofa da ƙarfe biyun dare. Kuma lokacin da mace ta yunƙura za ta fita shi ne lokacin da mai dukan ya fi haukacewa. Masu shekaru a garin nan za su tuna Titilayo Arowolo, ma'aikaciyar banki da mijinta ya kashe a gidansu na Isolo a 2011, kotu a Ikeja ta yanke masa hukuncin kisa a 2014. Mai albashi ke nan, mai ilimi. Hukuncin bai dawo da ita ba.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 36 cikin ɗari na matan da suka taɓa aure sun fuskanci cin zarafi daga miji, na duka ko na jima'i ko na muzantawa, kuma fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ba. Wadda ta iya buga ƙofar maƙwabciya ta yi ƙoƙari ƙwarai. Ni a ganina ta fara zuwa inda bai sani ba.

Barista Hadiza (Ikeja):
Ban musa ba, Sista, kin fi ni ganin raunukan. Shi ya sa na ce a fara da DSVA, su kan auna haɗarin, kuma suna iya kai mace gidan fakewa. Na ƙungiyoyi ma akwai. Project Alert sun buɗe nasu, Sophia's Place, tun 2001. Sai dai gadajen ba su kai yawan masu buƙata ba a gari kamar Legas. Ko ta tafi can, a nemi umarnin duk da haka, don a kwaso kayanta, a ɗora masa ciyar da yara, a hana shi bin ta. Kuma zaɓin nata ne. Mu daina yanke mata, an yanke mata ya isa.

Alhaji Garba (Mile 12):
Na karanta saƙon baiwar Allahn can sau biyu. Ban taɓa bin sawun waɗanda na saka a mota ba in ji yadda suka ƙare. Allah ya yafe mana. Amma har yanzu raina bai kwanta da a kai 'yar Musulmi gidan da ba mu san masu shi ba. Mu nawa ne a Agege da Mile 12 da Idi-Araba? Muna tara kuɗi mu kai gawa gida, muna tara na gyaran masallaci. Ɗaki biyu ya gagare mu?

Malam Sani (Idi-Araba):
To Alhaji, ka zo inda nake so. Matar da aka kora ba ta da ko sisi mabuƙaciya ce, zakka ta halatta a gare ta, kuma masu fitar da zakka a kasuwarku ba kaɗan ba ne. Sharaɗina ɗaya: ɗakin ya kasance a hannun mata, dattijai biyu ko uku irin su Maman Khalifa da 'yan ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, kuma maza kada su san inda yake, har da ni. Don in kwamitin masallaci ya sani, kafin la'asar mijin ya sani, kafin magariba an zo ana ba ta haƙuri.

Alhaji Garba (Mile 12):
A ce ni da na biya ban san inda kuɗina ya tafi ba? Wannan da wuya, Malam. Kuma dole a kira 'yan'uwan mijin a zauna, aure ba a kashe shi a waya.

Sista Ummi (Idi-Araba):
A kawo maka rasit a rufe adireshin, Baba. Zaman kuma a yi shi, amma bayan ta warke, a wurin da ita ta yarda, kuma da wanda zai tsaya mata. Ba ta zauna ita kaɗai gaban maza takwas ba.

Ɗanladi Ejan (Agege):
Akwai wata hajiya Bayarabiya da na sani, mijinta ya rasu, tana da ɗaki a bayan gidanta, ba a unguwarmu ba. Tana karɓar na wata shida. Zan yi mata magana yau, kwamishan ɗina na yafe. Ba zan faɗi wurin a nan ba, Maman Khalifa kaɗai zan gaya wa.

Alhaji Garba (Mile 12):
In ta yarda, wata ukun farko a kaina. Maganar adireshi za mu sake ta, ban sauka ba tukuna.

Musbahu (Alaba Rago):
Ni ba ni da yawa. Dubu biyar, da tabarma sabuwa da risho.

Maman Khalifa (Agege):
Jama'a, Allah ya saka da alheri. Yanzu muka dawo daga asibiti. Likita ya ce idon bai mutu ba, amma za a sake duba shi ranar Litinin, kuma sun rubuta komai har da na wuyan. Muna shigowa layi aka ce mana mijin ya zo ɗazu yana tambaya, ya ce a gaya mata in ba ta dawo yau ba zai ɗauke yaron ya kai wa uwarsa a gida. Tun da ta ji take rungume da shi, ko banɗaki ba ta bari ya je shi kaɗai.

Na karanta mata duk abin da kuka rubuta. Ta ce ita ba ta san ko saki take so ba, kada a tambaye ta wannan yanzu. Abin da ta sani shi ne ba za ta sake kwana a ɗaki ɗaya da shi ba a halin da ake ciki, kuma ba za ta hau motar Funtuwa ba.

Barista, maganar ɗauke yaron fa?

Barista Hadiza (Ikeja):
A faɗe ta gobe a rubuta, da sunan wanda ya ji da kunnensa. Kotu na iya sa sharaɗi a kan kusantar yara in akwai barazana irin wannan. Yaron kada ya je makarantar allo ko ta boko gobe. Kuma tunda ya san tana wurinki, daren yau kada su kwana nan. Akwai wadda za ta karɓe su?

Zainab (Obalende):
Ni. Mijina ya yi tafiya Kano, daga ni sai ƙanwata. Na kira shi ya ce ba komai. Anti, zan turo miki lambata ta gefe.

Maman Khalifa (Agege):
To madalla. Baban Khalifa zai samo mota bayan isha'i. Gobe ƙarfe bakwai mu haɗu mu wuce Alausa. Saura tafinta, don ba ta jin Turanci sosai, nawa kuma na kasuwa ne, kuma ba na so a sake sa yaro ya faɗi abin da bai kamata ya faɗa ba.

Sista Ummi (Idi-Araba):
Ina dutin dare, ina sauka ƙarfe takwas. Ku riƙe takardar likitan da hotunan, ku jira ni a bakin get, zan zo da kayan aikina a jikina.